Yadda ake zama wakilin ƙungiyar rawa mai rangadi

Duk wanda ya zo mini yana son koyon wannan aiki, kalanda da fensir nake fara miƙa masa. Sai in ce: ga ƙungiya mai mutum 14, 'yan rawa goma, mai fitilu, mai kula da dandamali, mai jagorantar atisaye da manaja. Ga gidajen wasa uku a wata nahiya sun ce suna so, ɗaya ran 3 ga wata, ɗaya ran 9, ɗaya ran 20. Za a ci riba? Yawanci sai mutum ya tara kuɗin wasannin uku ya yi murmushi. Wanda zai iya aikin kuwa, idonsa kan kwanaki goman da ke tsakanin 9 da 20 yake fara sauka, domin a kowane ɗaya daga cikinsu mutum 14 za su kwana a otal, su karɓi kuɗin guzuri, albashinsu na tafiya, ba kuma wanda ya sayi tikiti ko ɗaya. Irin waɗannan ranaku ne ke kashe rangadi, kuma cike su ne babban aikin wakili.

Kafin ka shiga, ka san kujerar da kake nema, don kujeru uku ne ake yawan cuɗawa. Akwai wakili, wanda ke tallata ƙungiya ga gidajen wasa da bukukuwan fasaha, ya yi ciniki, ya ƙulla yarjejeniya, ya ɗauki la'adarsa, wadda galibi take tsakanin kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na kuɗin wasa. Akwai manajan ƙungiya, mai riƙe da kasafin kuɗi, albashi, neman tallafi da inshora. Sai manajan rangadi, wanda ke tafiya da su, fasfo ɗin kowa a jakarsa, wayarsa ba ta mutuwa. A ƙananan ƙungiyoyi mutum ɗaya ne ke ɗauke da ukun.

Shawarata ita ce ka fara da ta ukun, ko da mataimaki ne, ko da albashin bai taka kara ya karya ba. Akwai jami'o'in da ke koyar da sarrafa harkokin fasaha, kuma ban raina takardar ba, tana taimakawa wajen sanin dokar kwangila da lissafi. Amma wakilin da bai taɓa tsayawa bayan dandamali da ƙarfe takwas na safe yana jiran babbar mota ta iso da kaya ba, shi ne zai sa hannu a kan wasa a wani birni ran Juma'a da dare, da wani a birni mai nisan kilomita 600 ran Asabar. A takarda abin ya yi kyau. A zahiri, sai an kwance fitilu bayan wasa, an loda, an yi tafiyar dare, an sake ɗaurawa, an daidaita kowace fitila ɗaya bayan ɗaya, sannan 'yan rawa su gwada dandamalin da ƙafafun da suka kwana a mota. Ba sai ka iya rawa ba. Sergei Diaghilev, wanda ya kafa ƙungiyar rawa ta Ballets Russes a Paris a 1909 ya kuma yi ta yawo da ita har rasuwarsa a 1929, lauya ya karanta. Abin da ba makawa shi ne ka san abin da jikin ɗan rawa zai iya ɗauka.

To, yaya ake gina rangadi? Da gayyata ɗaya mai ƙarfi ake farawa: babban biki ko babban gidan wasa, irin su Sadler's Wells a Landan, Joyce Theater a New York, bikin Jacob's Pillow a jihar Massachusetts ko Montpellier Danse a Faransa, wanda zai iya biyan kuɗi mai kauri ya kuma ɗauki kaso mai yawa na tikitin jirgi da jigilar kaya. Da zarar wannan rana ta tsaya, sai ka buɗe taswira ka fara kiran duk gidan wasan da ke nesa da shi tafiyar yini ɗaya, kana gaya musu cewa ƙungiyar za ta riga ta iso yankin, don haka kuɗin jirgi raba shi za a yi. Wannan magana ta fi duk wani yabon wasan saurin buɗe ƙofa. Sai dai ka karanta yarjejeniyar gidan farko da kyau, domin da yawa suna sa sharaɗin kada ƙungiyar ta yi wasa a cikin wata tazara daga birninsu na wasu makonni ko watanni kafin ranarsu da bayanta. Ka yi ciniki a kan wannan sharaɗi kamar yadda kake yi a kan kuɗi, in ba haka ba da hannunka za ka rufe garuruwan da kake buƙata.

Ranar da ta ƙi cika da wasa, a cika ta da koyarwa. Jami'o'i da makarantun rawa suna biyan kuɗin bita, ko kuma su ɗauki nauyin masauki na kwana biyu ko uku. Ba zai kai kuɗin wasa ba, amma ya rage asara. Kada dai ka cinye ranar hutu da wannan dabara. Ɗan rawan da ya ji rauni a tsakiyar rangadi ya fi kowace rana maras wasa tsada.

Lokaci kuma ya fi yadda sabon shiga ke zato tsawo. Manyan gidaje suna tsara kakar wasanninsu shekara ɗaya zuwa biyu kafin lokacin, wato abin da kake sayarwa yau ba za ka ga la'adarsa ba sai baɗi ko baɗin baɗaɗa. Sol Hurok, wani mai shirya wasanni a Amurka, ya yi shekaru masu yawa yana bin hukumomin Tarayyar Sobiyet kafin ya kai ƙungiyar rawa ta Bolshoi ta Mosko Amurka a 1959. Saboda haka kada ka ajiye aikinka ka buɗe ofishin wakilci da ƙungiya ɗaya tal. Ko dai ka shiga ƙarƙashin wani ofishi da ya kafu, ko ka nemi ƙungiyar ta riƙa ba ka wani abu kowane wata baya ga la'ada. Idan ka fara tara ƙungiyoyi, kada su yi kama da juna. Babba ɗaya, ƙarama mai mutum uku ko huɗu da za ta shiga kowane zaure, wataƙila da wasan yara. Daraktan gidan wasan da ya ce babbar ta fi ƙarfinsa, sai ka fito masa da ƙaramar.

Zumunta a ƙafa take, kuma masu wannan sana'a suna da wuraren haɗuwarsu: taron APAP a New York kowane Janairu, CINARS a Montreal ta Kanada duk bayan shekara biyu, MASA a Abidjan da aka fara a 1993, PAMS a Seoul, da bikin Fringe na Edinburgh a watan Agusta. A zuwan farko kada ka kama rumfa, kuɗi ne kawai za ka zubar. Je ka kalli wasanni, ka saurara, ka rubuta wane darakta ne ke son me, nawa ne kujerun zaurensa, yaya faɗin dandamalinsa. Wasiƙar da ta nuna ka san waɗannan abubuwa ita ake amsawa. Ka riƙe bidiyo iri biyu, gajere na minti biyu ko uku, da cikakken wasan da aka ɗauka daga nesa ba tare da yanke-yanke ba. Darakta mai niyyar saye na biyun zai nema.

Tare da bidiyon akwai takardar buƙatun dandamali, kuma a nan ba na sassauci. Ta faɗi faɗi da zurfin da ake buƙata, jerin fitilu, yawan ma'aikata, sa'o'in ɗaura kaya, da ɗumin zaure, don tsoka mai sanyi saurin yagewa take yi. Sama da komai, daɓen. Rawa na buƙatar daɓen katako mai ɗan lotsawa, a shimfiɗa ledar rawa a kansa. Leda a kan siminti siminti ce, ko da mai gida ya rantse cewa wasu sun yi a haka. Ka sa takardar ta zama ɓangaren yarjejeniya, da sa hannun shugaban ma'aikatan dandamalin gidan, ba na darakta kaɗai ba.

A yarjejeniyar, abin da ya fi cin sababbi shi ne haraji. Ƙasashe da yawa suna cire harajin baƙin 'yan wasa tun daga tushe. Amurka na cire kashi 30 cikin 100 sai in akwai yarjejeniyar haraji tsakanin ƙasashen biyu ko an yi wani shiri da hukumar harajinta, IRS, tun da wuri, Birtaniya kashi 20, Jamus kashi 15.825. Don haka a rubuta ƙarara ko kuɗin da aka ambata kafin haraji ne ko bayansa, kuma a karɓi takardar shaidar abin da aka cire. A rubuta da wane irin kuɗi za a biya. A nemi kafin alƙalami, domin tikitin jirgi tun watanni kafin wasa ake saye. A fayyace wa zai ɗauki asarar abin da aka riga aka kashe idan aka soke wasa saboda abin da ya fi ƙarfin kowa. Kafin annobar korona ta 2020 mutane da yawa tsallake wannan sakin layi suke yi. Sai izinin kiɗa: lasisin da gidan wasa ke da shi sau da yawa bai shafi kiɗan da aka gina rawa a kansa ba, sai an nemi izini kai tsaye daga masu haƙƙinsa, na ƙasashen da za a je.

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma biza ce gorar. Don shiga Amurka, wani mai ɗaukar nauyi ko wakili a can ne zai shigar da takardar I-129 ga hukumar shige da fice ta ƙasar, USCIS, ana iya yin haka tun shekara guda kafin wasa, sannan kowa ya nemi bizarsa a ofishin jakadanci. Bizar P-1B ta ƙungiyoyin da suka yi suna a duniya tana buƙatar kashi 75 cikin 100 na 'yan ƙungiyar su kasance sun yi aƙalla shekara ɗaya tare da ita, saboda haka ka yi magana da mai tsara rawa kafin ya sauya rabin mutanensa. Akwai kuma P-3 don wasannin da suka keɓanta da wata al'ada. Ma'aikatan dandamali takardarsu daban ake shigarwa. A yankin Schengen kuwa, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, kwana 90 ne baƙo zai iya zama cikin kowane 180, kuma lissafin na kowane mutum ne: ɗan rawan da ya yi wani aiki a Turai watanni biyu da suka wuce ya riga ya ci daga kwanakinsa. Ka tambayi kowa, ka duba hatimin fasfo da idonka.

Kaya ma suna da nasu fasfo, ATA Carnet, wanda ƙungiyoyin 'yan kasuwa ke bayarwa a yawancin ƙasashen da ke cikin tsarin. Yana ba ka damar shiga da sutura, kayan ado na dandamali da na'urori ba tare da biyan kuɗin fito ba, na tsawon wata 12, bisa sharaɗin duk abin da ya shiga ya fita. Kowane abu sai an rubuta shi da nauyinsa da darajarsa da lambarsa. Kayan sayarwa da abubuwan da ke ƙarewa ba sa shiga ciki. Kwastan su buga hatimi a fita, a shiga, a sake fita, a dawowa gida. Hatimi ɗaya ya ɓace, takardar neman biyan haraji za ta biyo ka bayan watanni.

Idan an dawo, kada ka bari mako biyu su wuce ba ka rufe lissafi ba: abin da aka tsara, abin da aka kashe, ragowar kuɗin da wani gida bai turo ba. Ka nemi adadin tikitin da aka sayar a kowane zaure da abin da jaridu suka rubuta, don su ne hujjarka a ciniki na gaba da kuma a takardar biza ta gaba. Sannan ka rubuta wa kowane darakta, ka gaya masa sabon wasan da ake shiryawa da watan da za a fara nuna shi, ka tambaye shi ko ya riga ya cike kakar shekara biyu masu zuwa.