Yadda ake gyara taminal idan Vim ko htop sun rikice a kan SSH

Ka shiga uwar garke ta hanyar SSH, wato tsarin shiga wata kwamfuta daga nesa, ka buɗe htop, shirin da ke nuna ayyukan da kwamfuta ke yi, sai ka tarar layuka sun hau kan juna, launi ya ɓace, maɓallan kibiya kuma na zubo haruffa marasa ma'ana. A nan ne mutane kan yi fushi su cire taminal ɗin, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, su sauke wata. Galibi ba ita ce da laifi ba.

Taminal ɗin da muke amfani da su yau kwaikwayo suke yi na tsofaffin na'urori irin VT100, wadda kamfanin DEC ya fitar a 1978. Kowace tana faɗin sunanta a cikin saitin da ake kira `TERM`, shi kuma Vim, shirin rubutu da gyara fayil, sai ya nemi sunan a terminfo, kundin bayanan taminal, don ya san yadda zai motsa alama ko ya sa launi. Misali, taminal mai suna Kitty tana kiran kanta `xterm-kitty`. Idan uwar garken ba ta san wannan suna ba, shirin yana magana ne da baƙon da bai san yarensa ba.

Da farko, bayan ka shiga uwar garken, rubuta `echo $TERM`, sannan `infocmp $TERM`. In ta ce ba ta samu fayil ba, ka gano ciwon.

Sai ka koma kwamfutarka ka tura bayanin taminal ɗinka zuwa uwar garken:

`infocmp -x | ssh sunanka@adireshi tic -x -`

Zai zauna a `~/.terminfo`, ba sai kana da izinin mai kula da uwar garken (root) ba. A Debian da Ubuntu, kunshin `ncurses-term` ma yana ɗauke da sunaye da yawa.

Abin da nake roƙo kada ka yi shi ne sa `export TERM=xterm-256color` a cikin `.bashrc`, fayil ɗin saitin da ake karantawa duk lokacin da ka buɗe taga. Shawarar ta yaɗu saboda tana aiki a ranar farko. Amma ƙarya ka koya wa shirye-shiryenka, kuma ranar da ka buɗe tmux, shirin da ke ba ka tagogi da yawa a cikin taminal ɗaya, za ta tonu. A cikin tmux, tmux ɗin ne taminal, sunan da ya dace shi ne `tmux-256color` ko `screen-256color`, amma `.bashrc` zai danne shi duk lokacin da ka buɗe sabuwar taga. Sai ka ga Vim yana barin tabon launi, ka yi kwana biyu kana neman dalili. Wurin gyaran shi ne `.tmux.conf`:

`set -g default-terminal "tmux-256color"`

Tunda kana ciki, ƙara `set -sg escape-time 10`. Tsofaffin sigogin tmux suna jiran rabin daƙiƙa bayan ka danna Esc, kuma mai aiki da Vim yana jin wannan jinkirin a yatsunsa.

Idan ƙ, ɗ da ɓ suna fitowa a matsayin alamar tambaya, duba `locale`. Ka tabbatar `LANG` ya ƙare da `UTF-8` a kwamfutarka da uwar garken duka. In ƙananan akwatuna kake gani, salon haruffan da ka zaɓa ne ba shi da masu lanƙwasa, ka canja shi.

Saura maganar nauyi. Idan kana danna harafi yana ɗaukar lokaci kafin ya fito, taminal mai gudu kamar Alacritty ba za ta cece ka ba, domin SSH yana jiran amsa daga can kafin ya nuna abin da ka rubuta. Ga mai aiki da datar waya, mosh, wani shirin shiga uwar garke daga nesa kamar SSH, ya fi. Yana nuna harafin nan take, kuma ko sabis ya ɗauke ya dawo, zamanka na nan. Sai dai a girka shi a uwar garken, a buɗe ƙofofin UDP daga 60000 zuwa 61000. Ba ya ajiye abin da ya wuce sama a allo, don haka ka haɗa shi da tmux.

In kuma ka buɗe fayil ɗin hoto da `cat` bisa kuskure allon ya haukace, rubuta `reset` ko da ba ka ganin abin da kake rubutawa, ka danna Enter.