Yadda na gyara ramar maruƙana bayan yaye

Tunda na yaye maruƙan nan sai rama suke, ga zawo ga gashi a tsaye. Na ƙara dusa zawon ya ƙaru, allurar bitamin ma shiru. Sai na kai kashinsu asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Zariya aka duba, ashe tsutsar hanta ce, daga kiwon fadamar kogin Galma suka kwaso ta. Na ɗura musu maganin tsutsa albendazole miligiram 10 kan kowane kilo na nauyi, sai da na auna ƙirjinsu da tef na san nauyinsu don kintace ba ya yi. Na janye su daga fadama, harawa tukuna, sannan dusa da ƙulin auduga kaɗan kaɗan, ga gishirin lasa da ruwan rijiya kullum. Zawo ya tsaya sun fara cika. Alhamdulillah, Allah ya saka wa likita.