Kurakuran da ke cinye wa masu mota kuɗi a gareji

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne sayen kaya kafin a gano ciwon. Fitilar inji ta kunnu, bakanike ya kara kunne ya ce fulogi ne. A canza, fitila na nan. Ya ce to kwail ne. Kafin wata ya ƙare an sauya abubuwa lafiyayyu da dama, mota kuma tana nan yadda take. Motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka daga 1996 suna da kafar OBD-II, galibi a ƙasan sitiyari, inda ake jona kwamfuta ta karanto lambar matsalar. Ka biya kuɗin wannan dubawar tukuna. Sai dai lambar tana nuna inda motar ke kuka ne kawai. P0420, alal misali, tana nuni ga abin tace hayaƙin nan da makanikai ke kira indomi, amma mataccen sensa ko ɓular salansa ma kan jawo ta. Idan aka ce maka a fasa a cire indomin, ka tambayi inda za a kai shi, domin akwai ƙarafa masu tsada a cikinsa, kuma masu sayensa suna nan.

A Kofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, kaya iri uku za a shimfiɗa maka: sabo a kwalin kamfanin motar, sabo na wani kamfani daban, sai ɗan Beljiyam da aka kwance daga wata motar. Da yawa sun ɗauka duk abin da bai zo a kwalin Toyota ko Honda ba jabu ne. Ba haka ba ne. Denso da Aisin da NGK su ne ke ƙera wa kamfanonin motocin kayayyaki da yawa tun asali, kuma a nasu kwalin sukan fi sauƙin kuɗi. Shi kuwa kwali, babu abin da masu jabu suka fi iya kwaikwaya kamarsa. Kayan za ka ciro ka ɗora kusa da tsohon, ka duba nauyi da tsabtar rubutun da ke jikin ƙarfen.

Kada ka je kasuwa da sunan mota da shekararta kaɗai. Camry ta Amurka da wadda ta zo daga Dubai suna iya bambanta a kayan ciki. Tafi da lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, a nemo kaya da ita.

Beljiyam yana da wurinsa. Ƙofa, fitila, madubi, har inji ko giya sukutum, a ganina sun fi sabon da ba a san asalinsa ba. Amma takalmin birki, bel, filta da fulogi abubuwa ne da ke cinyewa, wanda ya riga ka ya ci rabonsa. Idan babban kaya ne, ku yi magana kan kwanakin gwaji tun kafin kuɗi ya fita, a rubuta a rasit, a kuma yi wa kayan alama da fenti yadda ba za a ce ba shi ne aka sayar maka ba. Tsohon da aka cire kuma naka ne, ka karɓe shi a hannu.

Akwai shawara biyu da ya kamata ka ƙi ko da wa ya ba ka. Ta farko, a cire tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, wai don ƙasarmu da zafi: injin zai riƙa aiki ƙasa da zafin da aka tsara masa, ya ƙara shan mai, ainihin abin da ke sa shi zafi kuma yana nan. Ta biyu, “man giya duk ɗaya ne.” Giyar CVT, wani nau'in giyar otomatik, tana da nata man, zuba mata na giyar otomatik ta gargajiya kan kashe ta.

Sai garanti, inda rigima ta fi yawa. Tokumbo da ta sauka a Legas ko Kwatano ba ta zuwa da garantin Amurka mai aiki a nan, ko da takardun suna cikin mota. Sabuwa daga dillalin kamfani kuwa, garantinta na da sharaɗi: sabis a kan lokaci, a wurin da suka amince, da hatimi a littafin sabis. Taya, takalmin birki da kuloci galibi ba sa ciki. Kafin ka biya kuɗin ƙarin shekarun garanti, karanta shafin abubuwan da garantin bai shafa ba, ka tambayi wa ke biyan kuɗin aiki. Idan suka ƙi gyara, ka nemi dalilin a rubuce. Da wannan takarda da rasit ɗinka za ka iya kai ƙorafi hukumar FCCPC, wadda dokar kare masu saye ta 2018 ta kafa.