Kurakuran da ake yi wajen tafiya da shuke-shuke bayan sayar da gida

Kuskure na farko ba na haƙa ba ne, na baki ne. A fikihun Malikiyya, itacen da ke kafe a ƙasa yana bin gida cikin ciniki, sai in an gindaya sharaɗi. Mai gida a unguwar Birni ko Zengo ta Damagaram kan sayar, ya karɓi kuɗi, sannan ya dawo zai tone lemun tsaminsa, rigima ta tashi har gaban mai unguwa. Ku lissafa duk abin da za ku ɗauka a takardar ciniki, gaban dillali da shaidu, har da ranar da za a tone shi da wanda zai cike ramin. Na cikin tukunya ma a ambace shi.

Sai lokaci. Itacen da aka tone a Afrilu ko Mayu, zafin Damagaram ya haura digiri 40 ga ƙarancin ruwa, da wuya ya yi rai. A nemi mai saye ya yi haƙuri zuwa faɗuwar damina, ƙarshen Yuni ko Yuli.

Babbar ɓarna tana wajen tonon kansa. Mutane kan finciko itace, yashi ya zube, ƙananan saiwoyin da ke shan ruwa su bushe kafin a kai sabon gida. A ba shi ruwa sosai ana gobe. Idan kaurin gindin santimita 3 ne, dunƙulen ƙasar da za a ciro ya kai faɗin santimita 30. A naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu, a ɗaure, a rage kashi ɗaya cikin uku na ganye, a dasa da yamma a zurfin da yake a da. Binne wuyansa yana ruɓar da shi. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, ya kuma kira gara. Ruɓaɓɓe ake sa wa. A kewaye shi da zana saboda rana da awaki.

Ba kowane itace ake tonewa ba. Mangwaron da ya wuce shekara 3 uwar saiwarsa ta yi nisa, a bar shi, a yanki reshe a kai wa masu auren itace, su haɗa shi da gindin ƙaramin mangwaro. Zogale reshe mai tsawon mita 1 ya isa, lalle da rumman santimita 30. Dabino da ayaba 'ya'yan gindi ake cira, gwanda kuwa iri kawai za a ɗiba.