Yadda kwamitin gasar golf zai sa iyakar handikaf ba tare da ya zalunci kowa ba

Duk wanda ya taɓa zama cikin kwamitin shirya gasar golf ta masu wasa don sha'awa a nan Yamai ya san gardamar da ke tashi ranar rabon kyauta. Gwani mai handikaf 6, wato rangwamen bugun da ake cire wa ɗan wasa gwargwadon iyawarsa, ya gama ramuka 18 da bugu 78, wani kuma ya gama da bugu 98, amma da aka cire masa rangwamen bugu 30 sai ya koma 68, ya ɗauke kofin. Nan take za a ji masu cewa a hana duk wanda handikaf ɗinsa ya wuce 18 shiga gasa. A ganina wannan shawara tana korar sababbin ƴan wasa ne kawai, a garin da masu riƙe sandar golf ba su da yawa, alhali akwai hanyoyin da suka fi ta adalci.

Abu na farko shi ne kwamiti ya san dokar da duniya ke bi. Tun shekarar 2020 hukumomi biyu da ke kula da dokokin wasan, wato R&A ta garin St Andrews a Sikotilan da USGA ta Amurka, suka haɗa tsare-tsaren da ake da su wuri ɗaya. A wannan tsari iyakar handikaf ita ce 54, ga maza da mata baki ɗaya, alhali a da iyakar Amurka 36.4 ce ga maza, 40.4 ga mata. An faɗaɗa ta ne da gangan domin wanda bai daɗe da fara wasa ba ya samu lamba, kuma ramuka 54 kacal ake bukata ya buga kafin a ba shi ita. Da zarar wasanninsa sun kai 20, sai a ɗauki 8 mafiya kyau daga cikin 20 na baya-bayan nan a fitar da matsakaicinsu. Ke nan lambar tana nuna abin da mutum zai iya yi a ranar da hannunsa ya faɗa daidai, kuma yawancin ranaku wasansa ba zai kai haka kyau ba.

Kafin a zargi kowa, a tabbatar an yi lissafin daidai, domin a nan ne ƙananan kulob suka fi yin sakaci. Lambar da ɗan wasa ke yawo da ita ba ita ce rangwamen da za a ba shi a kowane fili ba. Filin da aka auna yana da lambobi biyu: darajarsa, wato bugun da ake sa ran gwani zai yi a cikinsa, da kuma ma'aunin wahalarsa ga wanda ba gwani ba, wanda ke tsakanin 55 da 155, inda 113 ke matsayin tsaka-tsaki. A ɗauki mai handikaf 20 a filin da ƙa'idar bugunsa, wato adadin bugun da aka ƙayyade wa filin, wadda ƴan wasa ke kira par, take 72, darajarsa 71, wahalarsa 124. Za a ninka 20 da 124, a raba da 113, a samu kusan 22, sannan a rage 1 saboda darajar filin ta gaza ƙa'idarsa da bugu ɗaya. Rangwamensa a wannan fili ya zama 21: bugu ɗaya a kowane rami, da ƙarin ɗaya a ramuka uku mafiya wuya. Idan filin da ake wasa a kai ba a auna shi ba, kwamiti na iya riƙe nasa lissafin na cikin gida, amma ya bayyana wa kowa cewa lambar ta gida ce.

Daga nan sai a toshe ƙofar da handikaf ke kumbura ta cikinta. Rami ɗaya da ya lalace bai kamata ya ɓata lissafin mutum ba, shi ya sa doka ta ƙayyade mafi yawan bugun da za a rubuta wa rami: ƙa'idarsa, da ƙarin 2, da rangwamen da mutum ke da shi a ramin. Ɗan wasan nan namu, idan ƙwallonsa ta shige ƙarƙashin ƙaya har ya yi bugu 11 a rami mai ƙa'ida 4 inda yake da rangwame ɗaya, 7 za a lissafa masa wajen handikaf. Akwai kuma takunkumi kan hawan lambar. Ana duba mafi ƙanƙantar lambar da mutum ya riƙe cikin kwana 365 da suka wuce. Idan sabon lissafi ya haura ta da fiye da 3, abin da ya ɗoru a kai rabinsa ake ƙirgawa, kuma ko yaya aka yi ba za ta haura da fiye da 5 ba. Wanda ya taɓa sauka 14, lissafi ya kai shi 18, zai tsaya a 17.5, kuma ba zai wuce 19 ba. Haka nan wanda ya yi wasan da ya fi lambarsa kyau da bugu 7 ko fiye, ana rage masa 1 nan take, idan ya kai 10 a rage 2.

Duk wannan ba zai yi amfani ba idan mutane na zaɓar katin sakamakon da za su miƙa. Mai ɓoye katinsa mai kyau don lambarsa ta tsaya a sama shi ne ainihin mai cutar gwanaye, ba sabon shiga ba. Saboda haka kwamiti ya sa doka cewa mutum zai sanar tun kafin bugun farko cewa wasan yau na lissafi ne, abokin wasansa ya sa hannu a katin, a miƙa shi a ranar. Miƙawa a ranar tana da dalili: tsarin yana gyara lissafi gwargwadon yanayin yini, daga rage 1 zuwa ƙara 3, kuma sai an samu aƙalla kati 8 kafin gyaran ya yi aiki. A ranar da iskar hunturu ke kaɗawa, hazo ya rufe tuta, kowa bugunsa zai ƙaru, kuma idan katunan ba su taru ba babu abin da zai nuna cewa laifin iska ne.

Yanzu sai batun gasar kanta. Gaskiya ne cewa masu babban handikaf wasansu ya fi hawa da sauka, don haka idan suna da yawa a fili, da wuya a rasa ɗaya da ranar za ta yi wa kyau fiye da kima. Maganin da hukumomin suka ba da shawara shi ne a ba kowa kashi 95 cikin 100 na rangwamensa a gasar da kowa ke buga wa kansa, kashi 85 idan biyu-biyu ake yi ana ɗaukar sakamakon da ya fi kyau a kowane rami, sai kuma cikakken rangwame idan mutum biyu ne ke karawa rami bayan rami. Mai 21 zai koma 20, mai 6 kuma yana nan a 6.

Idan har kwamiti na son iyaka, to ya sa ta a kan rangwamen da za a bayar, kada ya sa ta a bakin ƙofa. A ce kowa ya shigo, amma ba wanda za a cire wa fiye da 28 a babbar gasar shekara. Abin da ya fi wannan ma shi ne a raba ƴan wasa rukuni biyu ko uku, kowane da kyautarsa, a kuma ware kofi ga wanda ya fi ƙarancin bugu ba tare da rangwame ba, domin gwani ya ga ladan ƙwarewarsa. Ga rukunin sababbi a yi amfani da ƙidayar maki ta Stableford, wadda aka fara gasa da ita a Wallasey ta Ingila a 1932: maki 2 ga wanda ya cika ƙa'idar rami bayan rangwame, 1 ga wanda ya wuce da bugu ɗaya, wanda kuma ya riga ya rasa maki sai ya ɗauki ƙwallonsa ya nufi rami na gaba. Wannan na hanzarta wasa ƙwarai, abin da ke da muhimmanci a watan Afrilu, lokacin da kowa ke son gamawa kafin rana ta take.

Kowace iyaka aka zaɓa, a rubuta ta a takardar sharuɗɗan gasa, a manna a inda ake rajista tun kafin a karɓi kuɗin shiga, sannan kwamiti ya zauna aƙalla sau ɗaya a shekara ya duba lambar kowane ɗan kulob, har da ta shugabanninsa.