Yadda na sa wufa a jif ɗina, but bai cushe ba

Wufa ita ce lasifikar da ke ba da bugu mai kauri. Akwatinta na farko da aka haɗa mini mai inci 12 ne, sauti kamar gidan biki, amma ya cinye rabin but. Ranar da buhun shinkafa ya ƙi shiga, na san ba za mu daɗe tare ba.

Wani ya ce in cire safaya in sa akwatin a raminta. Na ƙi. Mai bin hanyar ƙauye ba ya wasa da safaya.

Sai na lura da lungun da ke bayan tudun tayar baya, gefen dama, wurin da tsumma kawai nake jefawa. Na shimfiɗa leda, na cika shi da ƙaiƙayi, na auna da gorar lita: kusan lita 16. Wannan ya ishi siririyar wufa mai inci 10, muddin akwatin rufaffe ne, don mai huda ya fi buƙatar fili. Ɓangaren baya na akwatin da faiba (zaren gilashi da ake haɗawa da gam) muka zuba shi, ya bi lanƙwasar jikin motar, fuskar kuma katakon MDF, wato na matsattsen garin katako. Muka toshe kowace kafa da silikon, domin iska na zurarewa, bugun ya tafi.

Amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, tana ƙarƙashin kujerar gaba, inda take shan iska. Fiyus kuwa dab da batir, wannan kada ka yarda a yi maka ganganci a kansa.

Wata karkarwa ta dame ni kwana biyu, ashe lambar mota ce. Soso na liƙa a bayanta, ta yi shiru.