Darasi na Tara: Rufin Ɗakin Dabbobi da Zafin Bazara

A watan Afrilu, da misalin ƙarfe biyu na rana, ka ɗora tafin hannunka a kan kwanon rufi. Kafin ka ƙirga biyar ka janye. A irin wannan lokaci zafin gari a Sakkwato, Maiduguri ko Maraɗi yakan wuce digiri 40, kwanon da rana ta buga kuwa yakan kai digiri 60, har ya wuce. A ƙarƙashin wannan kwano ne da yawanmu muke kulle kaji, tumaki da shanun turke. Mu idan ɗaki ya ɗume sai mu ɗauki tabarma mu koma gindin darbejiya. Dabbar da aka rufe wa ƙofa ba ta da inda za ta.

Ta ina zafin yake shigowa?

Ku tuna da mai tuyar ƙosai. Ba ta taɓa wuta ba, amma hucin kasko yana dukan fuskarta. Haka kwano yake yi. Rana ta gasa shi daga sama, shi kuma ya turo hucin ƙasa, a kan bayan dabbobi. Idan rufin gajere ne, kamar an kusanto musu da kaskon ne.

Akwai kuma zafin da dabbobin ke fitarwa da kansu, daga jikinsu, numfashinsu da kashinsu. Iska mai zafi sama take tashi kamar hayaƙi. In ta tashi ta tarar rufi a toshe, sai ta taru a can, ta yi ta saukowa har ta cika ɗakin.

Kaza ce ta fi shan wahala, domin ba ta yin gumi. Zafin jikinta kusan digiri 41 ne, kuma ta fi jin daɗi idan ɗaki yana tsakanin digiri 18 zuwa 24. Da zarar ya haura 30 za ka ga ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai, ta rage cin abinci, ta koma wajen ruwa. Ƙwai sai ya ragu, ya ƙanƙance, ɓawonsa ya yi laushi, saboda yawan haki yana hana jikinta haɗa ɓawo mai ƙwari. Kajin nama da suka yi nauyi su ne suke fara mutuwa, galibi daga azahar zuwa la'asar. Abin da ke ba ni tausayi shi ne, mai kajin yakan ɗauka cuta ce, ya garzaya shagon magani ya kashe kuɗi, alhali matsalar tana bisa kansa. Ko kazar Shika Brown, wadda cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya ta samar don ta dace da yanayinmu, tana buƙatar inuwa mai sanyi kafin ta ba da ƙwai yadda ake so.

Shanunmu na gida irin Bunaji da Bokoloji suna da juriya. Amma saniyar da aka haifa daga barbarar irin gida da na Turai takan rage nono tun zafi bai yi tsanani ba. Ragon layya ma in ya sha zafi ba ya cin dusa sosai, wanda bai ci ba kuwa ba ya ƙiba.

Ciyawa, ƙasa ko kwano?

Kakanninmu ba su yi kuskure ba da suka yi jinka. Tsakanin kowane kara da ɗan'uwansa akwai iska, ita ce ke tare zafi. Jinka mai kauri ta fi kowane rufi mai araha sanyi da rana, da dare kuma tana riƙe ɗumi. Aibinta sananne ne: gobara, gara, ɓeraye da ƙwarin kaji masu ɓuya a ciki, ga kuma sabuntawa bayan 'yan shekaru.

Rufin soro na azara da ƙasa yana da sanyi da rana, sai dai yakan saki zafin da ya sha bayan faɗuwar rana, kuma tagoginsa ƙanana ne. Ya wadatar ga awaki biyu ko uku. Bai dace da kaji ɗari ba.

Kwano shi ne akasarinmu za mu saya, don yana daɗewa kuma ba ya cin wuta. Ban ce kada a saya ba. Na ce kada a kafa shi yadda aka ga dama. Ku sani kuma sabon kwano mai ƙyalli yana mayar da hasken rana, tsoho mai tsatsa kuwa shanye shi yake yi. Tsohon rufin asbestos, wato fallayen nan masu kama da siminti, kam a guje shi, ƙurarsa tana lalata huhun mutum.

Abin da za ka gaya wa kafinta

Kafinta zai yi maka abin da ka ce ne. In ka ce masa a yi mai sauƙin kuɗi, zai rage tsawon katako, ya kwantar da rufin, ya yanke bakinsa daidai da bango. Saboda haka ka zaunar da shi tun kafin a haƙa rami.

Fara da tsawo. Daga ƙasa zuwa gefen rufi kada ya gaza taku 8, wato ƙafa 8 a ma'aunin kafinta, in da hali a kai taku 10. Ƙololuwar tsakiya ta kai kamar taku 13. Katakon da ake ƙarawa don wannan tsawo bai kai kuɗin kaji ashirin da za su mutu a yini ɗaya ba.

Sai ƙofar iska a ƙololuwa, kuma a ganina ita ce aka fi mantawa da ita. Inda ɓangarorin rufin biyu suka haɗu, kada a liƙe su. A bar fili kamar taku ɗaya daga wannan ƙarshe zuwa wancan, sannan a ɗora wani ɗan ƙaramin rufi a samansa kamar hula, don kada ruwan sama ya shiga. A sa raga saboda tsuntsaye. Iska mai zafi za ta fice ta nan, mai sanyi ta shigo ta gefe, ba wutar lantarki, ba fanka. Wannan yana aiki ne idan rufin yana da gangara sosai kuma gefen ɗakin a buɗe yake. Don haka a ɗakin kaji bulo jeri biyu ko uku ya isa, sauran a sa raga har sama. Faɗin ɗakin kada ya wuce taku 30, in ya wuce iska ba ta ratsa tsakiya.

Bakin rufi ya zarce bango da kamar taku 3, ya hana rana da feshin ruwan damina shiga. Tsawon ɗakin kuma ya miƙe daga gabas zuwa yamma. Ta haka rana za ta bi ta kan rufin tun hantsi har yamma, ba za ta leƙo ta dogayen gefuna ba.

Wanda ya riga ya gina fa?

Ba sai ya rushe ba. Ya wanke bayan kwanon ya shafa farin fenti. Farar ƙasa ma tana yi, sai dai damina tana wanke ta, a sake kowace shekara kafin watan Maris. Ya shimfiɗa ciyawa, zana ko karan gero a kan kwanon ya ɗaure da waya, ya sauke su in ruwa ya sauka don kada su jiƙe su sa tsatsa. Wasu sukan yi silin da zana daga ciki. Yana rage huci, amma a bar sarari tsakaninsa da kwano wanda iska za ta ratsa, a kuma riƙa duba ɓeraye. A ranar da zafi ya ƙi, watsa ruwa a kan rufi da azahar yana kawo sauƙi na ɗan lokaci. Bishiya a yammacin ɗaki tana tare ranar la'asar, amma a sassabe rassan ƙasa don kada su tare iska.

In hunturu ya shigo, a rataya buhuna a gefen da iska ke bugowa, wato arewa maso gabas, musamman da dare. Kada a toshe ƙofar sama. In ka shiga da safe ka ji wari yana yi maka yaji a ido, ɗakin ya toshe da yawa. 'Yan tsaki kuwa daban suke, a makonsu na farko ɗumi suke so, kamar digiri 32 zuwa 35, saboda haka a killace musu kusurwa guda.

Aikin aji

A samo gutsuren kwano guda uku. A shafa wa ɗaya farar ƙasa, a rufe ɗaya da ciyawa, a bar na uku haka nan. A ɗora kowanne a kan duwatsu a rana. Bayan awa ɗaya kowa ya sa hannu a ƙarƙashinsu, ya faɗi wanda ya fi huci.

Aikin gida

Kowa ya auna ɗakin dabbobinsa da taku: tsawonsa, faɗinsa da nisan rufi daga ƙasa. Ya duba ina ɗakin ya fuskanta. Ya shiga da ƙarfe biyu na rana, ya tsuguna daidai tsayin dabbobin na minti biyar, sannan ya rubuta jimla uku a kan abin da ya ji da abin da ya ga dabbobin suna yi. Mai ma'aunin zafi ya rataye shi daidai kan dabbobin, ya rubuta lambar da safe, da azahar da kuma bayan isha'i. A zo da littafin ranar darasi na gaba.